Ruwan Farkon da Kaka Yake Zubarwa

Ranar Talata bayan la'asar aka kai Kaka makwancinsa a Anacha. Ni ban samu ganin fitarsa ba, motar da na shigo daga Enugu ta lalace mana a hanya, sai da maza suka dawo daga maƙabarta na iso. Tun daga bakin layi na san unguwa ta ji wannan mutuwar. Rumfunan albasa na kasuwar Head Bridge rabinsu an ja musu buhu an rufe, alhali kasuwa ba ta tashi ba, masu turin baro kuma sun jingine sana'arsu a jikin katanga sun zauna a ƙasa saboda tabarmi sun ƙare.

A cikin gida, wajen mata, na tarar da wata 'yar Ibo mai sayar da manja, wadda rumfarta ke kallon ta Kaka tun kafin a haife ni. Ba ta iya gaisuwar mutuwa da Hausa ba. Sai ta riƙe hannun Umma, mahaifiyata, tana ta maimaita magana ɗaya da buroka: "Baba no dey fight sickness, e dey beg am make e go." Wato Baba ba ya faɗa da ciwo, lallaɓa shi yake yi ya tafi. Duk Hausawan da suka cika gidan babu wanda ya faɗi halin tsohon nan daidai kamar yadda ta faɗa, kuma ita ce ta fara sa ni kuka.

Washegari mahauta suka zo daga Trans-Amadi ta Fatakwal, mota guda. A cikinsu akwai wani ƙato da ya ba Kawu, ƙanin Umma, labari a waje, Kawu ya shigo mana da shi yana dariya yana share ido. Wai shekarun baya mutumin ya zo da ciwon ciki, ya ga Kaka ya dafa sassaƙe, ya tsiyaye ruwan nan baƙi ƙirin a kwata, ya sake zuba wani ruwan ya dafa, sannan ya miƙo masa na biyun mai kalar shayi marar kauri. Mutumin ya ce raina shi aka yi. Shi da yake kayar da bijimi shi kaɗai za a ba ɗauraya? Ya ce a ba shi irin wancan da aka zubar. Kaka ya dube shi sama da ƙasa, ya ce bijimi da ƙwanji ake kayar da shi, hanjin cikin mahaucin kuwa bai fi na jinjiri kauri ba. Ya sha na biyun yana ƙunƙuni, ya kwana uku a Anacha, ya koma gida garau.

Kowa ya zo da labarinsa ya sauke. Ni kuwa na zo da maganar da na yi shekara huɗu ina ɗagawa, wadda shi kaɗai ya kamata ya ji, ga shi babu shi. Ita ce ta sa na zauna na rubuta wannan.

Kaka mahaifin Umma ne. Yana saurayi ya sauka Anacha a bayan motar shanu, ya ga shanu ba nasa ba ne, ya koma sana'ar da ya koya a wurin mahaifiyarsa. Daga Arewa ake turo masa saiwoyi da sassaƙe da ganye, a saman buhunan albasa, shi ya sa duk maganin da ya fito daga rumfarsa sai ka ji yana ɗan tashin albasa. Ba ya karɓar buhu sai ya ɗanɗana. Zai ɓalli ɗan guntu ya tauna, ya tofar, ya yi shiru yana sauraren harshensa kamar mai jiran amsar sallama. Na sha ganin ya mayar da buhu guda saboda an sassaƙo shi bishiyar tana fure. Yana jin Ibo kamar ɗan gari, amma da muryar Bahaushe yake yinsa, matan kasuwa suna mutuwa da dariya suna ƙara zuwa.

Ni amaryarsa ce, kamar yadda jika mace take a wurin kakanta. Tun ina ƙarama idan na je rumfa sai ya ce ga mummunar amaryar nan da aka liƙa masa ta zo cin kuɗin cefane, ni kuma in ce wa zai zauna da tsoho mai warin albasa. Da na shiga jami'a a Enugu na karanci yadda magani yake aiki a jiki, har na ci gaba da bincike a ɗakin gwaje-gwaje, sai ya sake mini suna. Ya tambaye ni marasa lafiya nawa nake dubawa a rana, na ce ni ba mutane nake dubawa ba, ƙwayoyin halitta nake renowa a ɗan faranti in zuba musu magani in gani. Daga ranar na zama Likitar Faranti.

Kalma ɗaya ce ba ya so a faɗa a rumfarsa: kashewa. Idan mai saye ya ce a ba shi wanda zai kashe ciwon, sai Kaka ya nuna masa hanyar mayanka da haɓa, ya ce can ake kisa, nan sallama ake yi. A ganinsa jiki yana da masu gadinsa tun daga haihuwa, aikin magani ya tashe su idan sun yi barci, ko ya gaya wa baƙon da ya daɗe cewa lokacin tafiya ya yi. Ruwan farko na wasu itatuwan, in ji shi, ba ya tambayar wane ne ɗan gida wane ne baƙo. Na ɗauki wannan zancen tsofaffi ne, mai daɗin ji kawai.

Sai ga shi a aji an koya mana cewa ƙwayar halitta mutuwa iri biyu take yi. A ta farko takan kumbura ta fashe, abin cikinta ya watsu ya ɓata maƙwabta, wurin ya yi zafi ya kumbura. A ta biyu kuwa saƙo ne yake isar mata cewa aikinta ya ƙare, sai ta tsuke, ta naɗe kanta ƙulli-ƙulli, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne masu gadin jiki, su zo su kwashe ba tare da an ji motsi ba. Ciwon daji kuwa, a taƙaice, ƙwayoyi ne da suka daina jin wannan saƙon. Muna da wata doguwar kalmar boko da muke kiran mutuwa ta biyun da ita. Da na zo hutu na faɗa wa Kaka, ya gwada maimaitawa sau biyu harshensa ya harɗe, ya ce in riƙe kayana, ai sallama ke nan, kuɗin makaranta kawai aka ɓata.

Akwai abin da dole in faɗa kafin in ci gaba. Umma ce 'yar farinsa, kuma Kaka mutumin da ne. Bai taɓa kiran sunanta ba. Idan zai yi zancenta sai ya ce waccan, ko uwar Amarya. Idan ta durƙusa gaishe shi, bango yake kallo ya amsa. Gidanmu layi biyu ne da nasa, amma ban taɓa ganin ƙafarsa ta wuce zaure ba. Mu da aka haifa a Kudu abin dariya yake ba mu, Umma kuwa ko a jikinta, ita ma da haka ta tashi.

Shekara huɗu da suka wuce Umma ta ji ƙullutu a mamanta. Ta fara aika ƙanwarta ta kwatanta wa Kaka, don ita ba za ta iya ba. Ya saurara har ƙarshe, ya yi tambaya uku ko huɗu, ya ce wannan ba nasa ba ne, a kai ta asibiti Enugu gobe-gobe. Ko ganye ɗaya bai bayar ba. Asibiti suka ce ciwon daji ne, suka yi aiki, suka fara ɗura mata maganin nan mai zubar da gashi. Kafin kowane ɗuri sai sun ɗebi jini sun ƙirga fararen ƙwayoyinta, domin maganin su ma yana taɓa su, idan suka yi ƙasa da yawa ƙaramin zazzaɓi ma zai iya tafiya da mutum.

Unguwa ta samu abin taunawa. Ana cewa mutumin da ake zuwa wurinsa daga Fatakwal da Enugu ya kasa ba 'yarsa ko jiƙo ɗaya. Wasu suka ce kunyar 'yar fari ce ta yi masa yawa, wasu suka ce dama can maganin nasa suna ne kawai. Bai tanka wa kowa ba. Ni ma, Allah ya yafe mini, ina cikin masu jin haushinsa.

A lokacin, binciken da nake yi a kan itatuwan rumfarsa ne. Akwai wani sassaƙe da ba zan faɗi sunansa ba, don shi ma bai so a riƙa faɗa. Na dafa shi, kuma da yake ni 'yar boko ce mai ganin zubar da ruwan farko asara ne, shi na tace na ɗiga a farantin ƙwayoyin ciwon daji. Da safe na leƙa madubin da yake girmama mana ƙananan abubuwa, na ga faranti ya zama kufai. Babu ko ɗaya mai rai. Na sake sau uku, haka. Wanda bai taɓa ganin uwarsa tana amai har ta kasa ɗaga kai ba, ba zai gane abin da na ji a gaban madubin nan ba. Ranar Asabar na hau motar farko zuwa Anacha, ban ko shiga gida ba na wuce Head Bridge.

Na same shi yana daka. Na zayyana masa komai ina haki, na nuna masa hotuna a waya. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To Likitar Faranti, da kika zuba, wa ya rage?"

Na ce babu wanda ya rage, ai abin murnar ke nan.

Ya ce, "Masu gadin fa? Kin sa su a farantin kin gani?"

Na ce ba su nake nema ba, ciwon nake nema. Ya miƙo mini wayata, ya ɗauki taɓaryarsa, ya ce abin da ya shiga gida bai bar kowa ba gobara ake ce masa. Ya ce waccan masu gadinta sun riga sun jigata da maganin asibiti, kada in kuskura in kai mata wannan ruwan, ko ɗigo.

Nan na yi abin da har in mutu ba zan daina jin kunyarsa ba. A gaban mai manja da masu albasa na ɗaga wa kakana murya. Na ce shekara nawa yana zubar da maganin gaskiya a kwata yana sayar wa mutane ruwan shayi. Na ce, "Kai da ko sunanta ba ka iya faɗa, ina za ka san zafin ciwonta?"

Taɓaryar ta tsaya. Bai dube ni ba, can sai ya ci gaba da dakansa. Mai manja ce ta jawo hannuna ta ce in tafi gida.

Na tafi gida, na dafa ragowar sassaƙen da ke jakata, na cika gorar ruwa da baƙin ruwan nan, na ba Umma na ce cokali ɗaya safe da yamma, ta fara da daren ranar, kada ta gaya wa likitocinta. Ta karɓa ta sa mini albarka. Uwa ce, 'yarta mai karatu ta kawo, me za ta ce? Kafin la'asar na kama hanyar Enugu.

Sai dai tambayar tsohon nan ta biyo ni cikin mota ta ƙi sauka. Wa ya rage? Ranar Litinin, don in ƙaryata shi kawai, na sa abokiyar aikina ta ɗebi jinina, na ware fararen ƙwayoyin, na raba su faranti biyu. Ɗaya na ɗiga masa ruwan farko, ɗaya na biyu. Ranar Talata da hantsi na leƙa. Na ruwan farko sun kumbura sun fashe kaf, irin mutuwar nan marar kyau, babu bambanci tsakaninsu da na ciwon dajin da na yi ta murna a kai. Na ruwa na biyu yawancinsu suna nan lafiya lau. Daga baya na gwada na biyun a kan ƙwayoyin ciwon, na ga kaɗan daga ciki sun tsuke sun naɗe kansu, sallamar da yake faɗa, amma ba su kai a kira abin maganin ciwon daji ba. Kaka ya san haka tun ba a gwada ba, shi ya sa ya ce ba nasa ba ne.

Na san faranti ba jiki ba ne, abin da ya faru a can ba lallai ya faru a cikin mutum ba. Amma duk da haka nan take na kira Umma a waya. Na ce ta daina sha yanzu-yanzu, ta zubar. Ta ce to. Na ce cokali nawa ta sha, ta ce kada in damu. Mako biyu bayan nan aka ƙirga jininta, aka ce fararen sun yi ƙasa, aka ɗaga ɗurin, ta yi zazzaɓin da ya kwantar da ita kwana biyar a asibiti. Likita ya ce hakan yana faruwa da masu wannan ɗurin. Ni kuwa ina zaune a bakin gadonta ina lissafin cokula, daga Asabar zuwa Talata, ina cewa a raina ni ce.

Allah ya tashi kafaɗunta. Ta gama ɗurinta, gashi ya dawo, yanzu duk bayan wata shida take zuwa a duba ta. Ni da Kaka muka koma wasanmu kamar ba a yi ba. Ranar da na fara komawa rumfa ina jan ƙafa, shi ya riga ni magana, ya ce amaryar da ta yi yaji ta dawo don kanta, to babu biko. Ya ba ni dabino. Na buɗe baki in ce masa ya yi gaskiya, in gaya masa abin da na gani da abin da na ba 'yarsa, sai na kasa. Na ce sai wani zuwan. Haka na yi ta cewa har shekara huɗu.

Kawu ya ce a watan ƙarshe tsohon ya yi ta rabon kayan rumfa. Ya ƙulle kowane iri daban, ya rubuta sunansa da ajami, ya kira waɗanda ya yarda da hannunsu ya ba su. Turminsa ya bar wa mai manja. Ranar Talatar ya yi azahar, ya ce zai ɗan kishingiɗa, shi ke nan. Bai wahalar da kowa ba.

Ranar uku, bayan an yi addu'a an watse, na samu Umma ita kaɗai a ɗakinta tana ninke tabarmi. Na zauna na ce mata ina da maganar da na so in gaya wa Kaka ban samu ba. Na faɗa mata duka, faranti biyun, da zazzaɓin, da lissafin cokula. Ta ajiye tabarmar tana kallona kamar na zo da wani yare.

Ta ce, "Ashe abin da kike ɗauke da shi ke nan? Ai ko ɗigo ban sha ba."

Ta ce ranar da na kawo gorar, ban fi awa guda da fita ba, tana kwance ta ji sallama a tsakar gida, muryar da ba ta taɓa ji a nan ba. Kafin ta yunƙura ya iso ƙofar ɗakin ya ɗaga labule. Bai ga gorar a hannuna ba, babu wanda ya kai masa rahoto, ya san jikarsa ne kawai. Ya miƙa hannu ya ce ta ba shi abin da Amarya ta kawo. Ya ce kada ta gaya mini, wai yarinyar nan tana da kai, idan aka ce an ƙwace fushi za ta yi, idan aka ƙyale ta za ta je ta duba da idonta. Ya tsiyaye ruwan a kwatar tsakar gida, ya ɗauraye gorar sau biyu da hannunsa.

Umma ta sake ɗaukar tabarmar ba ta ninke ba.

Ta ce, "Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofar nan, ya dube ni ido da ido. Ya kira sunana. Ya ce in daure in gama maganin asibiti, shi bai shirya binne ni ba. Tunda aka haife ni ban san haka sunana yake a bakinsa ba."

Na dubi ƙofar. Labulen ma na wancan lokacin ne, ba a sake shi ba.

Allah ka karɓi baƙuncin wannan tsoho da sauƙin da ya yi wa bayinka, ka yalwata masa makwanci, ka isar masa da abin da na kasa faɗa. A ɗakin gwajinmu yanzu ba na yarda ɗalibi ya kawo mini faranti ɗaya. Idan ya zo da gudu yana murna ciwo ya mutu, nakan bar shi ya gama hakinsa, sannan in tambaye shi wa ya rage.